Lamba huɗu, tsirkiya biyu: yadda ake koyon taken Smoke on the Water da wayar Android

Lambobin su ne 0, 3, 5 da 6. Duk wanda ya taɓa neman darasin jita a YouTube, da wuya ya yi nisa bai ci karo da su ba, domin su ne wuraren ɗora yatsa na mabuɗin waƙar Smoke on the Water ta ƙungiyar Deep Purple ta Ingila. Sama da shekara 50 ke nan da fitowarta, kuma har yau tana cikin abubuwan farko da ake koya wa ɗan koyo. Matashin da ke Sarandosa ko Maiyama ba lallai ne ya sami malamin jita kusa da shi ba, amma in yana da Android, ko da 'yar ƙarama ce, da iyafis mai waya, to yana riƙe da na'urar saita tsirkiya, da mai ƙirga masa bugu, da malamin da ba ya ƙosawa da maimaici. Abin lura kawai shi ne wayar tana taimako a wani wuri, tana yaudara a wani wuri. Wanda bai san bambancin ba sai ya ƙona data da kuɗi, ya yi wata guda yana kaɗa abin da ba shi ne ba.

Rif, ko kuwa take

Turawa suna kiran wannan ɗan gajeren kiɗa da ake maimaitawa rif. Bahaushe ba baƙo ba ne ga abin. Take ke nan: ɗan karin da makaɗi ke saki, kafin mawaƙi ya buɗe baki an riga an san da wa ake. Kuntigin Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, amma da an ji shi daga rediyon mai shayi an san ko wane ne. Garayar Kassu Zurmi tsirkiya biyu. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, jita tana da tsirkiya shida, amma taken Smoke on the Water biyu kacal yake buƙata, na tsakiya, ana fizgar su tare. Sauran huɗun aikinsu su yi shiru.

Asalin waƙar gobara ce. A watan Disambar 1971 Deep Purple suka je garin Montreux na ƙasar Suwizalan don ɗaukar sabon faifai, da motar ɗaukar sauti da suka haya daga ƙungiyar Rolling Stones. Niyyarsu su yi aikin a zauren gidan cacar garin. Ranar 4 ga wata, ana tsakiyar wasan mawaƙin Amurka Frank Zappa a wannan zaure, wani ɗan kallo ya harba bindigar tartsatsi sama, rufi ya kama, ginin ya ƙone ƙurmus. Ba a rasa rai ba. Hayaƙin da ya kwanta a kan tafkin Jeniba shi ya ba Roger Glover, mai jitar bas ɗin ƙungiyar, sunan waƙar. Sun koma wani gidan wasa, maƙwabta suka kira 'yan sanda saboda ƙara, daga ƙarshe suka ƙarasa aikin a barandar wani otal da aka rufe saboda lokacin sanyi. Faifan, mai suna Machine Head, ya fito a Maris ɗin 1972, kuma da aka saki waƙar ita kaɗai a Amurka a 1973 ta kai matsayi na 4 a jerin Billboard. Mai jitar shi ne Ritchie Blackmore.

Labarin da ya fi kusa da gida

Wani zai ce ina ruwan ɗan Jega da kiɗan Turawan 1972. Amsar tana tsallaken iyaka, kuma wani ɓangarenta ya faru a Sakkwato.

Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Buzu ne daga yankin Tawa a Nijar. Ya taso a gidan da ba a maraba da kiɗa, ba shi da kuɗin jita, sai ya haɗa tasa da katako da wayar birkin keke. A 2008 ya sauko Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, da irin gyaran muryar kwamfuta da waƙoƙin fim ɗin Hausa suka yi fice da shi a lokacin. Faifan bai bi ta hannun wani kamfani ba. Ta memori da Bluetooth ya yaɗu, daga waya zuwa waya, daga tasha zuwa tasha, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci waƙar Tahoultine a wayoyin mutane, ya sa ta a tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya shiga neman mai ita. Yau Mdou Moctar yana kaɗa Fender Stratocaster, samfurin da Blackmore ya yi suna da shi, da hannun hagu, kuma faifansa Afrique Victime na 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar. Haka ma Bombino na Agadas, wanda ya koyi abubuwa da yawa ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana maimaitawa.

Su waɗannan sun yi da kaset da wayar da ko intanet ba ta shiga. Abin da ke hannun matasa yanzu ya ninka nasu nesa ba kusa ba.

Yadda waya ke jin tsirkiya

Komai yana farawa da saiti, kuma a nan ne lissafin yake da daɗi.

Sauti kaɗawa ce. In aka fizgi tsirkiya, tana kai da komo sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma yawan nan shi ake aunawa da Hz. Tsirkiya shida na jita, daga mafi kauri zuwa mafi siriri, ana saita su kusan haka: 82, 110, 147, 196, 247 da 330. Biyun da ake buƙata a nan su ne na tsakiya, wato D mai 147 da G mai 196.

Manhajar saiti, irin su GuitarTuna da makamantanta, ba ta san jita ba, lamba ta sani. Makirfon wayar yana auna motsin iska sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, kowane awo lamba ɗaya. Manhajar sai ta ɗauki wannan dogon jerin lambobi ta riƙa tambaya: bayan awo nawa zubin yake maimaita kansa? A kan 44,100, tsirkiyar G tana maimaita kanta bayan awo 225. Ita D bayan kusan 300. A raba 44,100 da amsar, an sami Hz. In allurar da ke fuskar wayar ta karkata hagu, tsirkiya ta yi sako-sako, sai a ƙara ɗaurewa. In ta karkata dama, ta yi tsauri.

A duba lambobin nan biyu, 300 da 225. Uku bisa huɗu na 300 shi ne 225. Ma'ana duk lokacin da D ta kaɗa sau 3, G ta kaɗa sau 4, sai su haɗu wuri ɗaya su sake farawa tare. Wannan haɗuwa tana faruwa bayan kowane awo 900, wato sau 49 a daƙiƙa. A riƙe wannan 49 ɗin, za a dawo kanta.

Tunda da kunne manhajar take aiki, duk abin da ke ƙara kusa yana iya ruɗa ta. Janareta, injin markaɗe, fanka, babur a bakin titi. In allura tana rawa ba ta tsayawa, ba lallai laifin manhajar ba ne. A shiga ɗaki, a ajiye wayar kusa da cikin jitar, a dafe sauran tsirkiyoyin da tafin hannu, a fizgi guda ɗaya a hankali. Wani abu kuma da darussan Turai ba su cika ambata ba shi ne yanayi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, katako yana tsukewa da bushewar hunturu. Jitar da aka saita da asuba aka bari a shago mai rufin kwano cikin zafin Afrilu, da la'asar ta sauka daga saiti. A irin yanayin Kebbi, saiti kafin kowane zama dole ne, kuma bai fi aikin minti ɗaya ba.

Ƙaramin gargaɗi: manhajar saiti makirfo kaɗai take buƙata. Wadda ta nemi izinin karanta saƙonni ko lambobin mutane, ba saiti ya kawo ta ba, a goge ta. Haka wadda ta ce gwaji kyauta ne amma sai an sa lambar katin banki, a karanta ranar da gwajin zai ƙare tun kafin a danna. Waɗanda ake turawa a guruf-guruf da sunan an fasa su an buɗe komai kyauta, su ne ma suka fi haɗari, domin ba wanda ya san abin da aka cusa a ciki, kuma a wannan wayar manhajar bankin mutum take.

Inda yatsa ke sauka

Wuyan jita an raba shi gaɓa-gaɓa da siraran ƙarafa, kamar rake. Lambobin da ake gani a shafukan tab, irin su Songsterr da Ultimate Guitar, lambobin gaɓa ne. Layi shida a kwance tsirkiyoyi ne, na ƙasa shi ne mafi kauri. 0 na nufin a fizga ba tare da an danna komai ba. 3 na nufin a danna gaɓa ta uku, ana ƙirgawa daga kan jitar.

A wannan take, duk inda aka danna a D, nan ake dannawa a G. Saboda haka yatsa ɗaya ake kwantarwa ya haye tsirkiyoyin biyu. Manuniya ta riƙe gaɓa ta 3, yatsa na uku ya riƙe ta 5, ita kuma ta 6, wadda sau ɗaya tak take fitowa a zagaye, ƙaramin yatsa ya taɓa ta ko a zamar da na ukun. A danna dab da bayan ƙarfen gaɓar, ba tsakiya ba, don can ne ake samun sauti mai tsabta da ƙarfi kaɗan.

Hannun dama ne wurin da yawancin mutane ke kuskure. Suna ɗaukar ɗan robar kaɗawa su share tsirkiyoyin daga sama zuwa ƙasa, ko kuma su kaɗa a tsirkiya ɗaya mafi kauri. Blackmore da kansa ya bayyana cewa da yatsu yake fizgar biyun lokaci guda. Bambancin a fili yake: roba tana taɓa ɗaya kafin ɗaya, yatsu biyu kuwa, babba a kan D da manuniya a kan G, suna sakin su tare kamar an tsinke wani abu. Wanda ya taɓa kallon hannun mai molo ko gurmi zai gane motsin da wuri.

Jimillar fizga goma sha biyu ce, a rukuni huɗu: uku, huɗu, uku, biyu. Da gangan ba a jera su a nan ba. Wurare huɗu ne kawai, kuma nemo jerin da kunne bai fi aikin rabin awa ba, amma rabin awar nan ta fi kwana uku na kwafar lambobi amfani. Wanda ya gaji ya duba tab ya gwada da abin da kunnensa ya ba shi.

Shiru da lokaci

Abin da ke bambanta mai kaɗa taken da mai danna lambobi shi ne abu biyu da tab ba ya nunawa sosai.

Na farko shiru. Yawancin fizgar gajeru ne, ana yanke su nan take. A gaɓa ta 3 ko ta 6, sassauta yatsa ba tare da ɗaga shi ba ya isa ya kashe sautin. A 0 kuwa ba yatsan da za a sassauta, sai a dafa da hannu. Akwai dabara ga wanda wannan ya dame shi: gaɓa ta 5 a tsirkiyar A da D tana ba da sauti iri ɗaya da D da G a sake, 147 da 196, kuma ita ana iya kashe ta da sassauta yatsa.

Na biyu lokaci. Taken yana cin bugu 16, huɗu sau huɗu, a gudun bugu ɗari da goma sha wani abu a minti, wato zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa 9 ba. In ana ƙirga "ɗaya da biyu da uku da huɗu da", fizga bakwai suna faɗawa kan lambar, biyar suna faɗawa kan "da" ɗin da ke tsakani. Waɗannan biyar ɗin su ne ran kiɗan. Ɗan koyo yakan ja su su dawo kan lamba ba tare da ya sani ba, sai abin ya koma kamar faretin 'yan firamare.

Maganinsa metronom, manhajar da ba ta yin komai sai ƙwas-ƙwas a kan lokaci. In aka rubuta metronome a Google ma yana fito da guda a shafin bincike. A sa shi a 60, a tafa hannu kawai ba jita, ana ƙirgawa da baki, sai tafin ya zauna. Sannan a ɗauki jita. A ƙara 5 duk lokacin da aka yi zagaye huɗu a jere ba kuskure. Abin gundura ne, gaskiya, kuma shi ne matakin da kowa ke son tsallakewa.

Batir ya yi sanyi amma murya ba ta faɗi ba

Wanda ya girma da rediyo mai kaset ya san yadda muryar Shata ke komawa in batir ya yi sanyi: ta yi nauyi, ta yi ƙasa. Dalili shi ne rage gudun zare yana rage yawan kaɗawa. In gudun ya ragu da rabi, 196 ta koma 98. YouTube kuwa yana da 0.75 da 0.5 da 0.25 a wurin saita gudu, kuma sautin ba ya faɗuwa. Dabarar ita ce manhajar tana yanyanka sautin ƙanana-ƙanana, kowane yanki ɗan ɓangaren daƙiƙa, ta baza su, ta ɗora bakin wani kan wani don cike giɓi. Kaɗawar da ke cikin kowane yanki tana nan yadda take, tsawon lokacin ne ya ƙaru.

Wannan ne ya sa 0.75 ya fi dacewa da koyo. A 0.5 ana fara jin sautin yana rawa kamar daga cikin rijiya, a 0.25 kuwa farkon kowace fizga ya narke, alhali farkon fizgar ake son ji. Kuma ba sai an kalli bidiyo ashirin ba. Asalin waƙar da darasi ɗaya mai nuna hannu kusa sun wadatar. A sauke su lokacin datar dare. Na waƙar ba ya buƙatar hoto mai kyau, 144p ma ya yi, na darasin ne yake son 480p don a ga yatsu.

Sifikar wayar ita ce babbar mai yaudara. Faɗinta bai kai farce biyu ba, ba ta iya tura iskar da sauti mai zurfi ke buƙata, saboda haka abin da ke ƙasa da 'yan ɗaruruwan Hz kusan ba ya fita. Su 147 da 196 ɗin suna cikin wannan yanki. Abin da kunne ke ji 'ya'yansu ne na sama, ƙwaƙwalwa ke cike sauran. Shi ya sa mutane da yawa suke zaton tsirkiya ɗaya ce. Da iyafis za a ji yadda aka gina mabuɗin: jita ita kaɗai, sai farantin ganga da ogan ɗin lantarki na Jon Lord su shigo, sai sauran ganguna, sai bas, kafin Ian Gillan ya fara waƙa. Sai dai a ji tausayin kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80 kada babba ya wuce awa 40 a mako yana jin ta, kuma irin wannan kiɗa yana jan hannu zuwa maɓallin ƙara.

Daga ina ƙugin yake fitowa

Ko an kaɗa komai daidai a jitar katako, ba za a ji wannan ƙugin na faifan ba. Ƙugin daga amfilifaya yake. Duk wanda ya ji lasifikar mai tallar magani ranar kasuwa a Jega, ya murɗa ta har ƙarshe murya tana tsagewa, ya ji abin. Na'urar tana da iyakar da ba za ta wuce ba, in aka tura mata fiye da haka sai ta aske kan kowace kaɗawa ya zama shafaffe. A wurin mai talla lahani ne, masu rok kuwa da gangan suke yi.

Askewar nan tana haifar da sababbin sautuka. In sauti biyu suka shiga tare, ana samun jimillarsu da bambancinsu. A cire 147 daga 196, saura 49. A haɗa su, 343, wato 49 sau 7. Ita 147 ɗin 49 sau 3 ce, 196 kuma 49 sau 4. Duk abin da na'urar ta haifa yana faɗawa kan ninkin 49, kamar 'yan gida ɗaya, kuma 49 ɗin kanta G ce, ninki biyu ƙasa da tsirkiyar. Shi ya sa tsirkiya biyu sirara suke ba da nauyin da ya fi ƙarfinsu. In aka ƙara tsirkiya ta uku wadda lissafinta bai daidaita haka ba, sababbin sautukan sai su yi karo da juna, abin ya cakuɗe. Wannan ne dalilin da ya sa masu kiɗan rok suke son tsirkiya bibbiyu, kuma shi ne dalilin da ya sa ƙaramin kuskuren saiti ke fitowa fili da zarar an kunna ƙugi.

Abin dariya, wutar lantarkin Najeriya a 50 Hz take tafiya, dab da 49 ɗin. In an haɗa jitar lantarki da waya tana caji, musamman da cajar bakin titi ko wutar janareta, za a ji wani gurnani a ƙasa yana gogayya da kiɗan. A zare caja kawai.

Mai sha'awar rubuta manhaja yana iya gwada duk wannan ba tare da jita ba. Burauzar Chrome tana da Web Audio: a ƙirƙiri mai fitar da sauti biyu, ɗaya 147 ɗaya 196, a bi da su ta WaveShaper don askewa. Kowace gaɓa ninkawa ce da 1.0595, saboda haka gaɓa ta 3 tana ba da 175 da 233, ta 5 tana ba da 196 da 262, ta 6 kuma 208 da 277. Layin JavaScript talatin sun isa.

Bluetooth ba na kaɗawa ba ne

Wanda ya sami jitar lantarki yana iya mayar da wayarsa amfilifaya, ta hanyar ƙaramar na'urar sauti mai USB da kan OTG, ko irin su iRig, da manhaja kamar BandLab. Masu iPhone suna da GarageBand. Abokin gaba a nan shi ne jinkiri, wato tazarar da ke tsakanin fizga da jin sauti. Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa kamar tsayawa ne mita uku da rabi daga sifika, ba damuwa. Iyafis ɗin Bluetooth kuwa sau da yawa yana kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kamar mai kaɗawa yana wannan bakin filin ƙwallo sifikarsa tana can gaba da tsakiyar filin. A gudun wannan waƙa rabin bugu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa ne. Ke nan abin da aka fizga kan lamba sai a ji shi kusa da "da", daidai wurin da ake fama a gyara. Iyafis mai waya, ko na ɗari nawa ne, ya fi na Bluetooth mai tsada a wannan aiki. Yana da wani amfanin ma: jitar lantarki ba amfilifaya kusan ba a jin ta daga zaure, kuma a gidan da manya ba su cika son kiɗa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wayoyin Android sun bambanta sosai a jinkiri. A gwada na'urar da wayar da za a yi amfani da ita kafin a biya kuɗi.

In babu jitar fa

Manhajojin jitar kan gilashi suna koya jeri da lokaci, amma ba sa koya wa yatsa komai. Hanyar Mdou Moctar ta fi su. Tunda tsirkiya biyu ake buƙata da gaɓa uku, kowane kafinta zai iya fitar da allon gwaji. Tsawon tsirkiyar Stratocaster daga matokari zuwa matokari milimita 648 ne. A kan wannan tsawo, ƙarfen gaɓa ta 3 yana milimita 103 daga sama, na ta 5 yana 163, na ta 6 yana 190. Ƙusa da aka cire wa kai aka kwantar ta isa gaɓa. Silin wayar birkin keke ko na kulocin babur ya isa tsirkiya, gwangwani a ƙarƙashin matokarin ƙasa ya ƙara sauti. Ba dole ne a kai 147 da 196 ba. Duk lambar da manhaja ta nuna a tsirkiya ta farko, a ninka ta da 4 a raba da 3, a ɗaure ta biyu zuwa nan. A kawar da fuska lokacin ɗaurewa, silin ƙarfe in ya tsinke ido yake nema.

Mai niyyar sayen ta hannu kuma, a Sakkwato ko Birnin Kebbi ko ta intanet, wayarsa ce ma'aunin da zai hana a cuce shi. Ya saita G zuwa 196, ya danna gaɓa ta 12, wadda take daidai tsakiyar tsirkiya. Manhaja ta nuna G kuma, a 392. In ta yi nisa da haka, ko wuya ya lanƙwashe ko matokari ya goce. Ya kuma duba tazarar tsirkiya da ƙarfen wannan gaɓa ta 12: a jitar lantarki kimanin milimita 2 ne daidai, in ta kai 4 ko 5 yatsun ɗan koyo ba za su jure ba. Ya shafa gefen wuyan da hannu, domin katakon da hunturu ya busar yakan bar bakin ƙarafan a waje suna yanka.

Makon farko kan yatsu zai yi zafi ko da jitar lafiyayya ce. Minti goma sha biyar sau biyu a rana sun fi awa biyu a zama ɗaya, kuma cikin 'yan makonni fatar take yin kanta. A ƙarshen kowane zama a kunna manhajar ɗaukar murya da ke zuwa da wayar, a bar metronom yana bugawa, a yi zagaye huɗu. Washegari a saurara da iyafis, a ƙirga fizga biyar ɗin nan na tsakani, a ga nawa ne suka zame suka koma kan lamba.